“Tunda kin zo, ki ɗan taimaka min…”: masu share gidaje, ya kuke yi da aikin da ba a yi cinikinsa ba?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata share gidaje da goge-goge a nan Kano, ni da ƙanwata. Mu ba 'yan aikin kwana ba ne, jinga muke ɗauka: a kira mu, mu duba gida, a yi ciniki, mu yi aiki mu tafi. A ganina ba nauyin aikin ne ya fi cin ran mai wannan sana'a ba. Duƙawa da ciwon baya mun san da su tun kafin mu shiga. Abin da ke ci mana rai shi ne ƙarin da ake yi bayan an gama magana. An yi ciniki a kan falo, ɗakuna, kicin da banɗakuna. Kina tsaka da goge tayil sai uwargida ta leƙo: “Tunda kin zo, ki ɗan wanke min labulen nan.” Kafin labule ya tsane an turo tukwanen jiya, an turo kayan makarantar yara, an ce ki ɗan leƙa ɗakin baƙi na waje. Magariba ta kawo jiki, kuɗin kuwa yana nan yadda aka yanke da safe. In kin yi magana a ce kin cika son kuɗi, in kin yi shiru gobe a ƙara. Ku ya kuke yi? Ƙi kuke yi nan take, ko yi kuke yi ku nemi ƙari daga baya?

Ummi_Kawo:
Wa alaikumus salam. Wallahi kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Nan Kaduna ma haka ne. Ni firij ne ya fi damuna. Ba a taɓa sa shi cikin ciniki, amma sai an ce ki buɗe. Ki tarar da miyar da ta kwana biyu ba wuta, jinin nama ya zuba ya daskare a ƙasa, ki kwashe komai ki wanke ki mayar. Wannan kaɗai aikin awa guda ne ko fiye.

Baban_Sadiq:
Anti Maman Ilham, maganin wannan rubutu ne. Ni ina da yara da muke wanke sababbin gidaje a Abuja, bayan magina da masu fenti sun tashi. Kafin mu ɗora tsintsiya a ƙasa sai na zagaya gidan da mai shi, na rubuta komai a WhatsApp na tura masa: tagogi nawa, banɗaki nawa, da tsakar gida ko babu, da kwashe ɓaraguzai ko babu. Ya amsa da “na yarda”, ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Duk abin da ya taso daga baya sabon ciniki ne. Daga Mararaba muke tasowa tun asuba saboda cunkoson hanyar Nyanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar yini, to ina dalilin da zan yi aikin kyauta?

Maman_Ilham:
@Baban_Sadiq na gode, amma harkarku daban da tamu. Ku da 'yan kwangila kuke magana, namiji da namiji, a gidan da ba kowa ciki. Mu cikin ɗakin mutum muke shiga. Hajiya ce sa'ar mahaifiyarki, kin durƙusa kin gaishe ta, ta tambaye ki yara, ta sa an kawo miki koko. Da wane baki za ki ce mata “wannan ba ya cikin rubutu”? Kunyar nan ita ake ci da ita.

Goggo_Talatu:
Ku yaran yanzu komai sai lissafi. Ni na tsufa a aikin nan, tun ana goge daɓen siminti da tsumma ana durƙushe, ba mofa ba komai. Gidan da na fi daɗewa ban taɓa ƙirga musu tukunya ba. Da ɗiyata za ta yi aure uwargidan ce ta yi mata katifa da kwanuka. Da na kwanta asibiti su suka biya. In kin tsaya a kan ciniki, su ma ranar da kika shiga uku a kan ciniki za su tsaya. 'Ya'yana, ku riƙa barin wani abu saboda gobe.

Binta_TudunWada:
Goggo Allah ya ƙara girma, Allah ya saka wa mutanen gidan nan da alheri. Amma ke gida ɗaya kika riƙe shekara da shekaru, har kuka zama dangi. Mu yau muna Sharaɗa, gobe Hotoro, jibi Rijiyar Zaki. Wata sau ɗaya za ta kira ki, gab da Sallah ko ana jibi za a yi wa amarya jere, ba za ki sake jin ɗuriyarta ba. Wace gobe zan jira a wurinta? Kuma kyauta ganin dama ce, haƙƙi kuwa dole ne. Akwai gidan da suka rage min kuɗi suka cika min da tsofaffin atamfofi. Ban raina ba, amma mai a-daidaita-sahu ba ya karɓar zani.

Hajiya_Uwargida:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni cikin masu ɗaukar aikin nake. Na karanta duka kuma ban ce ƙarya kuke ba. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An yi da ke ƙarfe takwas, ki zo sha ɗaya saura, ni kuma na ɗauki uzuri a wurin aiki don in jira ki. A share tsakiyar ɗaki a bar ƙarƙashin gado da bayan kujeru. Fankar sama ba a kallonta, yanar gizo-gizo tana nan a kusurwar silin. Waya a kunne tun daga shigowa har fita. Sannan abin da ya fi min ciwo: wata ta zuba min maganin wanke masai a kan mabul ɗin falo wai zai fi haske. Har yau wurin fari fat, ya dusashe, duk baƙon da ya shigo sai ya gani. Ko “yi haƙuri” ban samu ba, cewa ta yi dama haka yake. Maganar “tunda kin zo” kuwa, gaskiya ina faɗa, amma ni ina ƙara wani abu a kai in za a tafi.

Maman_Ilham:
Hajiya mun gode da kika fito kika faɗi naki. In ana ƙarawa ai ba a yi faɗa ba. Sai dai “wani abu” ɗin nan ke kaɗai kika san nawa ne, ni sai na fita ƙofa nake buɗe hannu in gani. Da za a faɗa tun kafin in tsoma labulen a ruwa, da kowa ya huta.

Baban_Sadiq:
Maganar mabul gaskiyar Hajiya ce, kuma rashin koyon sana'ar ne. Mabul dangin dutsen alli ne, asid cinye fuskarsa yake yi, ko ruwan lemon tsami ya kwana a kai sai ya bar tabo. In ya ci, sai dai a kira masu injin gurzawa su sake fito da shi. Ruwa da sabulu marar ƙarfi kawai yake so. Tayil na ƙasa ya fi juriya, shi ya sa muke cire busasshen siminti da asid da aka surka sosai, amma ko shi in ya yi yawa yana cinye abin da aka cike tsakanin tayil da shi, yana ɓata kan famfo da duk wani ƙarfe mai ƙyalli. Yaron da bai san wannan ba ba na barinsa ya taɓa galan.

Nas_Rabi:
Tunda an zo kan magunguna, don Allah ku saurare ni, ni ma'aikaciyar jinya ce. Kada wanda ya haɗa bilic, irin su Hypo ko Jik, da maganin wanke masai mai asid. In suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa. Tana ƙona ido da maƙogwaro, tana sa tari da sarƙewar numfashi, a banɗaki mai ƙaramar taga kuwa tana iya kayar da mutum. Mai asma abin ya fi yi masa tsanani. A jikin robobin ma an rubuta kada a haɗa, karantawa ce ba ma yi. Ki yi amfani da ɗaya, ki ɗauraye sosai da ruwa, ki bar ƙofa da taga a buɗe. In kin ji wari ya bugi hancinki ki fita waje nan take, in numfashi bai daidaita ba a tafi asibiti. Manja ko madarar da ake ɗura wa mutum ba sa wanke huhu.

Ummi_Kawo:
Anti Nas Allah ya biya ki. Amma wasu matan gidan da kansu suke cewa a haɗa, wai ya fi kashe ƙwayoyin cuta. Ki ce a'a, a ce ke kika fi sani? Hannuwana yanzu duk sun tsattsage, da hunturu har jini suke yi, in na zuba ruwan alwala kamar an watsa barkono. Safar hannu ni nake saye, takunkumi ni nake saye. Wani gidan ma ki je ba omo, ba soso, mofar ta karye, famfo ba ruwa don ba wuta ba a tura ruwa tanki ba. Ki fita neman 'yan garuwa, ki biya da kuɗinki a kan za a mayar miki, a manta.

Zee_Hotoro:
Ni duk wannan mai sauƙi ne a wurina. Ƙarin aiki gajiya ce, ka kwana ka tashi ta wuce. Zargin sata shi ne ba ya wucewa.

Akwai gidan da na daɗe ina zuwa duk mako. Na san inda suke ajiye makullai, na sha tsintar kuɗi a aljihun wandon maigidan in ajiye a kan madubi. Wata rana na gama, na sa hijabina, na kai bakin get, sai ga 'yar gidan da gudu wai Mami ta ce in tsaya. Ɗan kunnen gwal ne ƙwaya ɗaya ba a gani ba. A nan tsakar gida, gaban maigadi da direba, aka ce in zazzage jakata. Na zazzage. Kayan aikina da suka jiƙe, carbi, ragowar ƙosai a leda, katin asibitin ɗana, duk a ƙasa. Sannan aka shigar da ni ɗaki aka ce in cire hijabi da ɗankwali, aka laluba har cikin kitsona. Ba a ga komai ba. Uwargidan ta ce in je, amma ba za a biya ni ba sai an gama bincike.

A cikin mota kuka nake yi ba sauti, wata tsohuwa tana tambayata ko rasuwa aka yi. Ban iya gaya wa mijina ba sai da aka kwana biyu, don na san cewa zai yi in bar sana'ar, kuma da ita muke biyan kuɗin makaranta. Daga baya maigadin ne ya kira ni ya ce an ga ɗan kunnen a maƙale cikin gyalen da ta fita da shi biki. Aka turo min kuɗina ta waya, ba kira, ba saƙo. Bayan wata guda ta kira wai in zo akwai baƙi. Na ce Hajiya ki yi haƙuri. Yanzu duk gidan da na shiga, tun a ƙofa nake buɗe jakata in nuna, in zan fita ma haka, kuma ba na shiga ɗakin barci sai mai ɗakin ta kulle kayan adonta a gabana.

Binta_TudunWada:
Innalillahi. Zee Allah ya bi miki haƙƙinki. Da ma ko da komai ya ɓace a gida, ba a fara tambayar 'ya'yan gida ko ƙannen miji, mai tsintsiya ake fara kallo.

Hajiya_Uwargida:
Wannan zalunci ne, ba na kare shi. Ko an yi zargi ai akwai yadda ake tambaya a sirrance, kuma da aka gani wajibi ne ta taka ta je ta ba ki haƙuri gaban waɗanda aka tozarta ki a gabansu. Amma ku sani mu ma ana yi mana. An taɓa kwashe min turaruka da atamfa a hankali a hankali, sai da aka daɗe na gane. Irin waɗannan su ke ja wa na kirki.

Abu_Hanan:
Jama'a mu ji tsoron Allah. Ibn Majah ya ruwaito Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. A Bukhari kuma akwai hadisin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci moriyar aikinsa cikakke, bai ba shi ladansa ba. Malaman fiƙihu a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, sun sharɗanta a san aikin a san ladan tun farko, don kauce wa irin wannan jayayyar. Saboda haka 'yar uwa Maman Ilham, neman a fayyace ciniki ba rashin kunya ba ne. Mai aiki ita ma amana ce a wuyanta, ta cika abin da ta karɓi kuɗi a kansa.

Ummi_Kawo:
Malam gumi kam yana bushewa har a yi wanka a sake wani. “Maigida bai dawo ba.” “Na tura, sabis ne.” “Ki duba anjima zai shigo.” Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 muka saba da tiransifa, tun daga nan wasu suka samu mafaka. Ki yi ta kira har ki zama kamar ke ce mai roƙo.

Ɗalibin_Lauya:
Wani ya tambaye ni a gefe ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 ya shafi masu aikin gida. A zahiri bai kama magidanci ba, domin dokar ta cire duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma cire masu aikin jinga da na ɗan lokaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya ta musamman kan masu aikin gida, mai lamba 189 ta shekarar 2011, wadda ta yi maganar hutun mako da bayyana sharuɗɗan aiki, amma sai ƙasa ta rattaba hannu ta mayar da ita doka take aiki a cikinta. Abin da ke hannunku yanzu shi ne yarjejeniya. Ciniki na baki ma yarjejeniya ce, wahalarsa hujja. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da hujjar da ta fito daga na'ura, don haka saƙon WhatsApp yana da amfani, har na murya. Wadda ba ta iya rubutu ba ta yi saƙon murya ta lissafa aikin da kuɗin, ta bari a amsa. In an hana ki kuɗi, fara da mai unguwa ko ofishin Hisbah don sulhu. Kano kuma tana da kotunan ƙananan basussuka da ba sai da lauya ba.

Binta_TudunWada:
Yallaɓai kuɗin motar zuwa kotu sau biyu ya fi abin da nake bi. Kuma ranar da aka ji kin kai wata Hajiya ƙara, duk ƙawayenta sun daina kiranki. Aikin nan baki da baki ake samunsa.

'Yar_Maradi:
Sannunku da muhawara. Mu nan Nijar ma dokar tana ga takarda, an ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa jika 42, wato sefa dubu 42, tun farkon 2024, amma wa ka biyan 'yar aiki hakanan? Da an gama girbi 'yan mata na tahowa daga ƙauye cin rani, Maradi da Damagaram da Yamai, abin da duk anka ba su karɓa sukai. Ke da kin ka iya aiki in kin faɗi kuɗɗinki sai a ce ga wadda za ta yi shara da wanki da reno da rabin wannan.

Malama_Hassana:
Abin da 'Yar Maradi ta faɗa shi ne tushen arahar aikin nan a wurinmu ma. Dillaliya ta ɗebo yara daga ƙauye, wata ba ta wuce shekara goma ba, ta rarraba su gidaje. Kuɗin wata ba ya shiga hannun yarinyar, dillaliya ta cire la'adarta ta aika wa uwa sauran, wai ana tara kayan ɗaki. Yarinya ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, a kicin ko a baranda, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta tana ɗaukar musu jaka. Gidan da ya saba da yarinyar da ba ta iya cewa a'a, dole ya ga baƙin babbar mace da ta zo da farashinta.

Takari_Jidda:
Ina karanta ku daga Saudiyya. Ku gode wa Allah kuna da ƙofar fita da yamma. Nan wadda ta zo da kwantiragi tana ƙarƙashin kafili ne, a gidansa take kwana. An ɗauke ki don gida ɗaya, ranar Juma'a a kai ki gidan uwar madam, a kai ki gidan ƙanwarta, albashi ɗaya. Da azumi kuwa sai bayan sahur ake kwanciya. In kin gudu a kai rahotonki, kin zama marar takarda. Ba duka gidaje ba, akwai na kirki sosai, amma duk mai shirin zuwa ta sa a karanta mata takardar da za ta sa wa hannu, kada ta tsaya ga daɗin bakin ejan.

Zee_Hotoro:
Allah ya dawo da ke lafiya 'yar uwa. Wani abu kuma tunda sanyi ya kusa: ƙurar hunturu. Ki goge gilashin tebur da safe, kafin uwargida ta taso daga ofis ya sake yin fari, ta kira ki wai ba ki goge ba. Ni yanzu bidiyo nake ɗauka in na gama, in tura mata kafin in fita. Kuma da ɗanyen tsumma ake gogewa, busasshe tayar da ita kawai yake yi.

Maman_Ilham:
Na karanta kowa, na gode. Shawarar saƙon murya ta kwanta min, don ya fi min sauƙi a kan in tsaya gaban babba ina lissafi. Amma har yanzu tambayata tana nan a kan wanda ya taso ana tsakiyar aiki. Jiya ƙanwata ta ce mu riƙa cewa, “To Hajiya, bari mu gama wanda aka yi magana, in lokaci ya rage sai mu yi cinikin wannan.” Ni ina ganin da ladabi a ciki. Ita kuma maƙwabciyata da ke irin aikin ta ce duk ranar da ta faɗi haka, ba a sake kiranta.

Goggo_Talatu:
Ni dai ban sauya ba. Ki duba gida ki duba mutum. Tsohuwar da ba ta da mai taimaka mata ta ce ki wanke mata kwano biyu, ki ce ciniki? Haba 'yata. Amma abin da aka yi wa Zee, ko ni ba zan koma ba.

Hajiya_Uwargida:
In da ladabi aka faɗa min ba zan ji haushi ba. Wasu ƙawayena kam za su ji, na san su.

Baban_Sadiq:
Anti ki gwada a sababbin gidaje tukuna, tsofaffin da suka saba sai a hankali. Kuma ku da ke unguwa ɗaya ku daidaita bakinku a kan farashin labule da firij da kafet, don in ke kin ƙi wata ta karɓa kyauta, ke ce za ki zama marar kirki.

Ummi_Kawo:
Daidaita baki da wa, Baban Sadiq? Wadda ba ta ɗora tukunya ba tun jiya ko nawa aka ce za ta je. Ni gobe ma ina da wani gida a Unguwar Rimi, ta ce falo da kicin kawai. Zan tura mata saƙon muryar yau da dare in ji me za ta ce game da firij.